Kafin a ɗora wa ma'aikata laifin ƙin sauyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da sharhin da kuka buga a shafin kasuwanci kan jagorancin sauyi da ƙirƙira a kamfani. Marubucin ya yi ƙoƙari. Inda muka raba gari da shi shi ne wurin da ya ce ma'aikata ne ke kashe duk wani sabon tsari, wai saboda ba sa son rabuwa da abin da suka saba. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ma'aikaci yana lura da abin da ake yaba masa a kai da abin da ake hukunta shi a kai, kuma shugabanni ne ke tsara waɗannan biyun.

A garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka, kamfanin General Motors ya taɓa samun wata masana'antar mota da ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki, yajin aiki da fitar da motoci masu matsala. A 1982 aka rufe ta, kuma kowa ya ce ma'aikatan ne ba na kirki ba. A 1984 aka sake buɗe ta bisa haɗin gwiwa da kamfanin Toyota na Japan, da sunan NUMMI, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan nan, har da shugabannin ƙungiyarsu ta ƙwadago. Aka tura wasunsu Japan su ga yadda ake aiki. Cikin ƙanƙanin lokaci motocin masana'antar suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk faɗin General Motors.

Ginin bai canza ba, mutanen ma kusan su ne na da. Abin da ya canza shi ne doka. A tsohon tsari, babban laifi shi ne tsayar da layin haɗa mota, don haka wanda ya ga kuskure sai ya kawar da kai, motar ta wuce, a gyara daga baya in an tuna. A sabon tsari an rataya igiya kusa da kowa. Duk wanda ya ga matsala zai ja ta, shugaban rukuninsa ya zo da sauri ya taimaka, in ba a warware ba layin ya tsaya. Sannan kamfanin ya yi alkawarin ba zai sallami mutane ba sai in tura ta kai bango, kuma da kasuwa ta ja baya a 1988 ya cika alkawarin, ya sa mutane horo maimakon ya kore su. Wannan alkawari shi ne mutane ke mantawa da shi idan suna ba da labarin. Wa zai kawo shawarar da za ta rage wahalar aiki alhali ya san ita ce za ta raba shi da abincinsa?

Abin mamaki, General Motors ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya iya kai wannan darasi sauran masana'antunsa, domin a can har a lokacin yawan motocin da suka fita shi ne ma'aunin manaja.

Na ga irin wannan da idona a sashen lissafi na wani kamfani da na yi wa aiki. An sayo manhaja mai tsada, an yi taron ƙaddamarwa, an manna takardu a bango masu ɗauke da kalaman ƙarfafa gwiwa. Amma masu binciken kuɗi na cikin gida suka ci gaba da neman takarda mai sa hannu kafin su amince da kowane ciniki. Sai kowa ya koma yin aiki biyu, ɗaya a kwamfuta don shugaba ya gani, ɗaya a takarda don ya tsira da mutuncinsa. Da abin ya ƙi tafiya, rahoton da aka kai sama cewa ya yi ma'aikata ba su rungumi sauyi ba. Babu wanda ya tambayi wanda ya bar tsohuwar dokar a wurinta.

Marubucinku ya kuma nuna kamar sabon tunani daga waje ake shigo da shi. Sau da yawa yana cikin gida, an dai rasa mai sauraro. A 1975 wani matashin injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a kamfanin Kodak. Daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta naɗi hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Shugabannin Kodak ba jahilai ba ne, kuma daga baya sun sayar da kyamarorin dijital masu yawa. Matsalarsu ita ce ribar gaske tana cikin fim da takardar wanke hoto da sinadarai, kuma duk wanda ke da faɗa a ji a kamfanin ta wannan hanya ya hau kujerarsa. Kowane mataki zuwa dijital yana nufin yanke wa kai riba a bana don wata riba da ba a tabbatar ba. A Janairun 2012 Kodak ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi.

Kishiyarsa Fujifilm na Japan ya fuskanci guguwa iri ɗaya. A ƙarƙashin shugabansu na lokacin, Shigetaka Komori, suka zauna suka tantance abin da suka iya na ilmin sinadarai, suka karkata shi zuwa kayan asibiti, magunguna, siririyar ledar da ake sa wa allon talabijin da kwamfuta, har da man gyaran fata. Kada a ɗauka abin ya zo da daɗi: dubban ma'aikata sun rasa aikinsu a sashen fim. Na kawo wannan ne saboda masu wa'azin sauyi sun fi son su ce kowa zai amfana. Ba kowa ne zai amfana ba, kuma ma'aikata sun riga shugaba sanin haka. Shugaban da ya fito fili ya ce sashe kaza zai ragu, ga lokacin, ga horon da za a bayar, ga haƙƙin wanda zai tafi, ya fi samun haɗin kai a kan wanda ya yi ta murmushi har ranar raba takardun sallama.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne shugabannin sassa. Daga sama ana ce musu su gwada sabon abu, a ƙarshen wata kuma ana tuhumarsu kan alƙaluman da tsohon abu ne kaɗai ke iya kawowa. Gwaji yana buƙatar kasafinsa daban, da ranar da za a zauna a duba ko ya yi ko bai yi ba, da tabbacin cewa wanda gwajinsa ya faɗi ba zai rasa ƙarin girma ba. Yana kuma buƙatar haƙuri. Gam ɗin da ke jikin 'yar takardar Post-it, wadda ake rubuta tunatarwa a kai a manna, an gano shi a kamfanin 3M tun 1968, amma sai a 1980 takardar ta bazu a kasuwannin Amurka, kuma ta kai ga haka ne saboda kamfanin yana barin masu bincikensa su yi amfani da kashi 15 cikin 100 na lokacinsu kan abin da suka zaɓa da kansu.

Idan za ku sake taɓa wannan batu, Malam Edita, ina ba da shawara wakilinku ya zauna da shugabannin sassa da masu aiki a ƙasa, ba tare da bayyana sunayensu ba, ya tambaye su abin da ya sami mutum na ƙarshe da ya kai wa shugaba labari marar daɗi a wurin aikinsu.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum