Ragowar man suya ɗaya, masu nema uku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan rububin da ake yi yanzu a kan man da ake haɗawa daga tsirrai da kitsen dabbobi, wanda aka ce shi zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Da can motoci ne kawai ke shan sa, Brazil na zuba itanol, wato man da ake tacewa daga rake, a fetur, Amurka na masara, Indonesiya kuma a 2025 ta kai haɗin manja a dizal zuwa kashi 40. To sai ga jiragen sama sun shigo. Tarayyar Turai ta ce daga 2025 dole kashi 2 na man jirgi a filayen jiragenta ya zama irin wannan da suke kira SAF, ya kai kashi 6 a 2030, kuma a wannan 2025 ɗin dai ta ɗora wa jiragen ruwa tasu dokar ta rage hayaƙi, su ma suka taho da bokitinsu.

Abin da ya dame ni shi ne duk ukun abu ɗaya suka fi so, wato baƙin man da gidan abinci ya gama soya dankali da shi, wanda da zubarwa ake yi. Matatar mai ɗaya ce take iya mai da shi dizal ɗin tirela ko man jirgi, ya danganta da wanda ya fi biya. Kuma fa doka tana iya tilasta wa kamfani ya saya amma ba ta iya ƙara yawan man, ai babu wanda zai ƙara suya don kawai jirgi ya tashi. Shi ya sa Cana ta cire rangwamen harajin fitar da shi a Disamban 2024, Indonesiya ma ta taƙaita fitarwa, kowa na riƙe nasa. Ga kuma zargin da ake ta yi a Turai cewa wasu na liƙa wa sabon manja takardar tsohon mai don ya fi tsada, kai jama'a! In haka ne ashe daji za a ci gaba da sarewa a shuka kwakwar manja da sunan gyaran muhalli.

Ni dai a ganina a bar wa jirgin sama tsohon man suyar nan. Mota tana da batir, jirgin ruwa an fara gwada masa wani mai daban da ake kira metanol, kamfanin jiragen ruwa na Maersk har ya sa masu aiki da shi a teku, amma jirgin da zai tashi daga Landan zuwa Tokyo babu batirin da zai ɗauke shi, nauyin kaɗai ya isa ya hana shi barin ƙasa. Sai dai a sa ido sosai kan takardun nan, a riƙa bin kowace tanka har kicin ɗin da ta fito.

Na gode.
Mai karanta jaridarku kullum.