Ya Edita, ku ba mu labarin mai jitar nan na Nijar da ya fara daga Sakkwato

Assalamu alaikum ya Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina bin shafinku na nishaɗi, kuma gaskiya kuna ƙoƙari, amma akwai abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ya sa yau na ce bari dai in rubuto. Kullum labarin dai ɗaya ne, wane ya saki sabuwar waƙa, wance ta yi aure, wane da wane sun yi faɗa sun shirya. Alhali nan kusa da mu, tsallaken iyaka kawai, akwai wani bawan Allah da duniya ke tururuwar zuwa kallon yadda yake kaɗa jita, kuma faifansa na farko a ƙasarmu aka ɗauke shi, amma ban taɓa ganin ko layi ɗaya a kansa a jaridarku ba. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar.

Bari in faɗi yadda na san shi. Ni sana'ata cajin waya ce da tura waƙoƙi a memori, nan cikin birnin Katsina wajen Ƙofar Guga, shekara da shekaru ke nan. Wata rana can baya wani dattijo Ba'abzine mai gadi a unguwarmu ya kawo mani tsohuwar wayarsa da sabuwa ya ce in kwashe masa abin da ke ciki, to al'adata ce in ɗan saurara don in tabbatar ya tafi daidai, sai na ji wata waƙa ba suna ba komai, lamba ce kawai a jiki. Kiɗan kamar na finafinanmu na Kano, da ganga irin ta na'ura, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa tana rawa, amma harshen ba Hausa ba ne, kuma a ƙarƙashi akwai jita tana tafiya a hankali. Na ce Baba wane ne wannan? Ya ce wani yaro ne na wajensu mai wasa a biki. Na roƙe shi ya bari in ajiye, ya ce ajiye mana ɗana. Waƙar nan na tura ta ga mutane ban san adadinsu ba, direbobin Jibiya da Maraɗi su suka fi nema.

Sai bayan shekaru ƙanena da ke jami'a ya nuna mani wani bidiyo a YouTube, wani dogo da rawani da babbar riga, riƙe da jitar lantarki ta hannun hagu don bahago ne, Turawa cike da fili suna ta ihu, yatsunsa na gudu a kan tsirkiya kai ka ce ba na mutum ba. Ya ce yaya ka san wannan? Na ce a'a. Da muka bi tsofaffin waƙoƙinsa sai ga muryar nan ta wayar Baba mai gadi. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Faifan nan na farko sunansa Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon situdiyonmu na Hausa, kuma ba a ma fitar da shi kasuwa yadda aka saba ba a lokacin, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta bulutut da memori har Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙarsa cikin wayoyin mutane ya saka ta a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar, kuma abin da ya burge ni shi ne sai da ya bi sawu ya nemo masu waƙoƙin ya biya su kasonsu. Wannan wurin yana taɓa ni, don ni da nake turawa ina karɓar kuɗin aikina, shi mai waƙar ko sisi bai taɓa gani daga hannuna ba, kuma haka muke yi wa mawaƙanmu na gida har gobe. Abu ne da ya kamata mu masu wannan sana'a mu zauna mu duba tsakaninmu da Allah.

To yanzu duniya ta san shi ne da kiɗan da Turawa ke kira rok, wato mai ƙara, jitar lantarki da ganguna, shi da abokansa uku: Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganga, da wani Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar nan mai kaurin murya. Bayan faifan Ilana na 2019, da su ya yi Afrique Victime a 2021 wanda shi ya ƙara ɗaga shi sosai, sai Funeral for Justice a 2024. Masu kyau ne ba musu, kuma ba soyayya kaɗai yake rerawa ba, yana maganar abin da Faransa ta yi wa ƙasarsu, da yadda ake kwasar arzikin ƙasa talaka na cikin duhu, da tsoron kar harshensu na Tamashek ya ɓace a bakin yara. Amma ni dai, in an tambaye ni, ba a nan mutumin yake ba. Wanda duk ya tsaya a kan masu ƙarar nan rabinsa kawai ya ji.

Ku nemi wanda ya yi shi kaɗai a 2017, Sousoume Tamachek. A birnin Portland na Amurka ya ɗauke shi kuma duk abin da za ka ji a ciki shi ya kaɗa da hannunsa, jita, amshi, ɗan bugun da ke rakiya, ba kowa sai shi. Ba gaggawa, ba ihu. Irin kiɗan da za ka sa bayan isha'i lokacin hunturu ka rufe shago rabi ka ɗora shayi, ko ba ka jin kalma ɗaya ka san mutum ne ke kewar gida. Ni nakan ji kamar ɗan'uwan gurmi ne ko molo, yadda yake riƙe tsirkiya ɗaya tana ta amo a ƙasa sauran suna zagaya ta, sak yadda masu garaya ke yi. Duk wanda ya taso yana jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos a rediyo, ya san abin da mutum ɗaya da kayan kiɗa ɗaya za su iya yi wa zuciya, ba zai ji wannan baƙon abu ba ne sam.

Sannan akwai fim. E, ya yi fim a 2015, a Agadas aka ɗauka, da harshensu, shi ne jarumin, yana yawo a kan babur da jita a baya, uba mai tsananin addini ba ya so, ga abokan hamayya masu satar waƙa ta waya. An gina shi ne a kan wani tsohon fim na mawaƙin Amurka Prince na 1984, kuma sunan fim ɗin ma abin sha'awa ne, tunda harshensu ba shi da kalma guda ta launin shunayya sai suka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Ba zan ce maka wasan kwaikwayon ya kai na manyan jarumanmu ba, akwai wuraren da yake jan ƙafa, amma labarin kusan rayuwarsa ce, domin shi ma gidansu ba su so ba, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke bayan ya ga wasan wani mai jita Ba'abzine, Abdallah Oumbadougou. Shi ma Ahmoudou nasa abokin ya yi nasa fim ɗin daban, Zerzura, kuma ya yi aiki da matan nan masu jita na ƙauyen Illighadad a Nijar. Ka ga ashe gida guda ne mai ƙofofi da yawa.

Na ƙarshen da nake so a sani shi ne Tears of Injustice na 2025, kuma wannan mu Katsinawa ya shafe mu ta wata fuska. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a watan Yulin 2023 su suna Amurka wajen wasa, hanya ta rufe suka kasa komawa gida wajen iyalansu. Mu nan mun san abin da rufe iyakar nan ya yi, Magama da Jibiya suka yi tsit, ɗan'uwa ya kasa zuwa jana'izar ɗan'uwa, kasuwa ta mutu, ni kaina direbobin da ke cika mani shago sai na wayi gari babu su. To a cikin wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a New York suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice ba da ƙarar lantarki ba, a zaune, a hankali. Waƙoƙin su ne dai, amma in ka ji na farko fushi za ka ji, in ka ji na biyu sai ka ji baƙin cikin wanda aka raba da gida.

Na san wasu za su ce mi ya haɗa mu da kiɗa, kuma ni ba na jayayya da malamanmu, kowa ya bi abin da ya fahimta. Amma tunda dai kuna da shafin mawaƙa duk mako, to a yi shi da faɗi. Abin da ke damuna shi ne shi wannan ya fara ɗaukar faifai da ganga ta na'ura da muryar kwamfuta irin namu sannan ya koma ga tsirkiya da yatsa har duniya ta waiwayo, mu kuma mun baro kukuma da gurmi da kalangu mun tattara komai mun danƙa wa kwamfuta. A jihar da ta haifi Mamman Shata yau ka nemi matashi ɗaya da ke koyon wani abin kaɗawa da gaske sai ka sha wuya, yaran da ke zuwa shagona da waƙoƙinsu duk bugu ɗaya ne aka sauya masa baiti.

Roƙona ya Edita, ku sa wakilinku ya bi sawun wannan labari, a nemo situdiyon da aka yi aikin nan a Sakkwato da waɗanda suka buga masa kiɗan in suna nan, a ji ta bakinsu, in da hali a yi hira da shi kansa. Kuma in za ku gabatar da shi ga masu karatu don Allah kar ku fara da masu ƙarar, ku fara da na 2017 ɗin.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai karatu kullum,
daga Ƙofar Guga, Katsina.