Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Dutsen Kufena

Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta talaka ga ubangidansa, kuka na kawo fada, kuma a kan Dutsen Kufena ne.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na ajiye alli. Tun ina saurayi nake hawan wannan dutse, yanzu kuma da jikoki nake zuwa, su a gaba ni a baya da sanda. Ranar Asabar bayan sallar asuba muke fita, mu bi ta Wusasa, mu ajiye babur, mu ratsa gonaki da ƙafa. In damina ce, kafin ka kai gindin dutsen raɓa ta jiƙa maka wando har gwiwa, dawa da masara sun rufe ka ta kowane gefe. Daga nan sai hawa. Dutsen yana da santsi in an kwana da ruwa, dole ka kwaɓe takalmi ka riƙe a hannu, tafin ƙafarka ya ji sanyinsa. Akwai kwarmi-kwarmi a jikinsa da ke tara ruwan sama, ruwa garau, da 'yan ciyayi ƙanana a bakinsu waɗanda ba ka ganin irinsu a gona. Cediya ta cusa saiwa a tsaga, ta tsaya cak a inda babu ko tafin ƙasa guda. Ƙadangaru na shan hantsi, hazbiya na tashi daga kogo, shirwa na shawagi daidai da idonka, wani lokaci ma ka gan ta a ƙasa da kai.

In ka kai sama, ranka ya daɗe, Zariya ce gaba ɗaya aka shimfiɗa maka kamar tabarma. Ga birni da rimayensa da hasumiyoyin masallatai, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari, can arewa ga dogon ginin jami'a a Samaru. Ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna kewayawa. Ba ka jin hon, ba ka jin janareta, sai iska da kukan shanu daga nesa. Na sha zama a nan na ji zuciyata ta yi sanyi bayan mako mai nauyi, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Ina haɗuwa da ɗaliban jami'a, da 'yan'uwanmu Kirista na Wusasa, da magidanta waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga. A kan Kufena kowa sannu yake yi wa kowa, wanda ya riga kai wa sama ya miƙa wa na baya hannu.

Wata rana jikata, 'yar shekara tara, ta tsinci wani tsingaro a cikin tsakuwa, da zane-zane a bakinsa kamar an danna igiya a jikin yumɓun tun yana ɗanye. Ta ce, "Kaka, wa ya fasa tukunyarsa a nan?" Na zaunar da ita kusa da wasu ramuka masu sulɓi da ke jikin dutsen, inda aka yi ta niƙa har dutse ya lotsa, na sa hannunta a ciki. Na gaya mata abin da manya suka gaya mana: mutane sun zauna a nan tun kafin a san birnin da muke ciki, kuma nan mutanen Bakwa Turunku, mai sarautar Zazzau a lokacin, suka yo da suka bar Turunku, a wajen ƙarni na 16, kafin sarauta ta tabbata a inda fada take a yau. Na nuna mata tudun ƙasar da ya miƙe a gindin dutsen, na ce ga ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina. Yarinyar da ke hamma in an buɗe littafin tarihi, ranar har muka iso gida ba ta daina tambaya ba. Shekaru na yi ina koyar da wannan darasi a allo, ban taɓa ganin ya shiga kan yaro kamar yadda ya shiga a wannan safiya ba.

To, Allah ya taimaki Sarki, abin da nake gani a 'yan shekarun nan ne ya hana ni shiru. Gonakin da muke ratsawa ana yanka su fuloti-fuloti. Inda bara na bi ta cikin gero, bana turakun siminti na tarar da harsashin gini. Ganuwar kuwa ana ɗibar ƙasarta ana buga tubali, wani wuri an sare ta an fitar da hanya. Na ga masu fasa dutse sun tara tsofaffin tayoyi a kan wani falale sun cinna wuta don ya tsage, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Itatuwan gindin dutsen suna tafiya a buhun gawayi. A sama kuma leda ce da robar lemo a cikin kwarmin ruwan nan, da sunayen samari da fenti a fuskar dutse. Ba na zagin mai guduma ko mai gatari; na tsaya na yi hira da su, abinci suke nema, kuma ba wanda ya taɓa ce musu ga inda za su tsaya. Laifin namu ne da muka bar wurin ba mai shi.

Mun ga yadda ta kasance da Dala a Kano. Gidaje sun matse shi har gindi, ka hau ka sauko ba ka taka ciyawa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kufena har yanzu yana da fili a kewayensa, yana da gona da daji da tsuntsu, kuma wannan filin shi ne rabin kyansa. Da wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, mun ga yadda Zazzagawa na gida da na waje suka tashi tsaye saboda Sarki ya yi kira. Irin wannan kiran nake roƙo a yi wa Kufena tun yana nan, domin gini ana sake shi, amma dutsen da aka mayar tsakuwa an loda a tifa ya tafi ke nan.

Na san a doka ƙasa tana hannun gwamna, kuma Kufena yana cikin wuraren da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta yi wa rajista. Sai dai takardar da ke Abuja ba ta hana mai diga haƙa. A ƙasar nan, ba a cinikin gona mai unguwa bai sani ba, mai unguwa kuma yana jin maganar dagaci, dagaci na jin ta hakimi, hakimi na jin ta Sarki. Shi ya sa na nufo fada. Babban roƙona shi ne iyaka. A haɗa hakiman yankin da ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye da malaman sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, a zagaya dutsen da ƙafa, a shata inda gini da fasa dutse ba za su ƙetare ba, a kafa alama, a yi shela a masallatai da coci-coci. Manomi ya ci gaba da nomansa, makiyayi ya bi burtalinsa, ba su ne matsalar ba. Wanda ya riga ya sayi fili a ciki da gaskiyarsa, a musanya masa.

In an samu iyaka, sauran mai sauƙi ne. A share hanyar ƙafa guda ɗaya ko biyu, a sa alama a inda ke da haɗari, a ajiye kwandon shara a ƙasa. Ina roƙon kada a bari wani ya zo da tsarin zuba siminti da gina otal a kai. Dutsen ba ya bukatar ado. Abin da yake bukata mutane ne masu kula. Samarin ƙauyukan da ke gindinsa sun san kowace tsaga da kowane kogo. A zaɓi wasu daga cikinsu, har da masu fasa dutsen, jami'a ta koya musu tarihin wurin da sunayen itatuwa da tsuntsaye, a ba su riga da shaida, baƙo ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa su raka shi. Wanda ke cin abinci da dutsen a tsaye shi zai fara hana a fasa shi. Su ne kuma za su zama ido, domin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tsoron masu garkuwa ya sa iyalai da yawa sun daina zuwa, makarantu sun daina kai yara. Wurin da jama'a suka ƙaurace wa shi ɓata-gari ke so.

Sarki ya yi jakadanci a Tailan, ya ga yadda wasu ƙasashe ke riƙe tuddansu da kufansu har baƙi su ƙetaro teku don su gani. Ni burina bai kai can ba tukuna. Ina son ɗan firamare na Kwarbai ko Gyallesu ya hau Kufena sau ɗaya kafin ya gama aji shida, ya sa hannu a ramin niƙan nan.

Gani ya kori ji, ranka ya daɗe. In fada za ta turo wakili wata Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, zan jira shi a Wusasa in nuna masa turakun da inda aka sare ganuwar.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.