Shehi, buhun littattafai ya faɗo hannuna

Assalamu alaikum Shehi,

Ya sanyin Alƙahira? Na san za ka ce na yi shiru, to dakata, kai ma tun babbar sallah ban ji ɗuriyarka ba, laifin raba daidai za mu yi. Gida kowa lafiya. Goggo na gaishe ka, wai har yau tana jiran man habbatus saudan da ka yi mata alkawari.

Baba mai haya ya rufe shago fa. Eh shi dai, na kusa da famfo, wanda muke ba naira biyar mu ɗau littafi na kwana biyu, kai kuma ka riƙe sati guda ka dawo kana rantse-rantse. Ɗansa ya mai da wurin shagon POS da cajin waya. Ranar Laraba na bi ta wajen na tarar ana ɗura littattafan a buhu wai masu ƙosai za a ba su naɗe, wallahi ban san sanda na ce a ba ni buhu ɗaya ba. A adaidaita na kawo shi gida, uwargida ta fito da murnarta ta ɗauka shinkafa ce. Kar ka so ka ga fuskarta da ta kwance bakin buhun.

Ka dai san cutata tun muna sakandare, ba ni da alƙibla a karatu. Yau littafin yaƙi da aljanu, gobe tarihin jihadin Shehu, jibi soyayya, gata kuma in ji ba abin da nake so sai labarin taurari. Shi ya sa guruf-guruf ɗin nan na littattafai suka ishe ni, ka kuskura ka ce ka ji daɗin littafi ɗaya sai a antayo maka talatin duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, attajiri ya ga 'yar talla, kishiya ta tafi wurin boka, kana kaiwa inda ya fara daɗi a ce tura kuɗi a sa ka a guruf na musamman. Ba raina su nake ba, akwai masu alƙalami a cikinsu sosai, duk mai bin gasar Hikayata ta BBC tun 2016 ya san haka. Amma ko tuwon shinkafa ne kullum ai ya gundure ka.

Shi Baba ka tuna yadda yake yi? Bai taɓa tambayata wane iri nake so ba. Sai dai ya ce "me ka dawo da shi", in na ce na yaƙi ya miƙo min na kishi, in na yi ƙorafi ya ce je ka dai. Sau nawa na fita ina ƙunƙuni na dawo ina neman na biyu.

To a ƙasan buhun nan na ci karo da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Shehi, 1969 fa, shekarar da Amurkawa suka taka wata, wani Bahaushe na zaune yana rubuta labarin yaron da aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi, ni kuma ina nan ina cika baki cewa ba a irin wannan da Hausa. Dare ɗaya na cinye shi da fitilar waya, sai da na zo ƙarshe na ga babu shafukan, ko ɓera ne ko mai ƙosai ta riga ni oho. Har yanzu abin na cina.

Sai kuma na gano wata dabara, a bangon bayan tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya akwai jerin sauran da kamfanin ya buga, shi nake bi yanzu ɗaya bayan ɗaya ina sa musu alama da biro. Ashe ma tun gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 abin a gauraye yake, Ruwan Bagaja ban dariya da yawon duniya, Ganɗoki yaƙi, Shaihu Umar kuwa labarin bauta ne, shi ma har Masar aka kai shi kamar kai, sai dai shi ya dawo da ilimi, kai kuma muna jira mu gani.

Af, ka ji Dogo zai ƙara aure? Bayan azumi wai. Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin anko na farkon ba.

Akwai abin da na so in tambaye ka tun farko ya shige min. Bari dai, in ka leƙa Azbakiyya wurin masu tsofaffin littattafai ka samo min ko mene ne, amma da Larabci mai sauƙi da wasali, ka san nawa iya na Islamiyya ne. Kar ka zaɓo irin wanda kake ganin zan so. Kuma ka haɗo da man Goggo don Allah, ni take tarewa a zaure.

Naka,
mai buhu