Tsakanin Katsina da Jidda: a yi wa maniyyata bayanin lissafin awoyi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan wani ruɗani da ke maimaita kansa a gidajenmu duk lokacin jigilar alhazai, wato yawan awoyin da jirgi ke yi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda.

Tazarar da ke tsakanin filayen biyu, idan aka miƙe kai tsaye, ta kusa kilomita 3,500. Babban jirgin fasinja kuwa yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda, saboda haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar ba ta cika wuce awa 5 ba. Inda ake samun matsala shi ne agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na ƙasar da filin yake ne. Wanda ya tashi daga Katsina ƙarfe 12 na dare zai ga an rubuta masa sauka ƙarfe 7 na safe, sai ya ɗauka awa 7 zai yi a sama, a dawowa kuma ya bar Jidda ƙarfe 12 na rana ya sauka gida ƙarfe 3, ya ce jirgin ya yi sauri, alhali tafiyar ɗaya ce.

Wannan ya faru a gidanmu. Gwaggona, wadda ke shan maganin ciwon suga a kan lokaci, ta rikice a cikin jirgi domin wayarta na nuna lokacin gida, na kusa da ita kuma ya riga ya juya agogonsa, har ta sha maganin tun lokacinsa bai yi ba. Allah ya tsare, amma da an yi mata bayani tun a gida da ba a kai ga haka ba.

Akwai kuma batun hanya. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa sararin Chadi da Sudan kafin a ƙetare Bahar Maliya, wato kusan inda kakanninmu suka bi da ƙafa suna shafe shekaru. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ma ya ƙaru.

Saboda haka ina kira ga malaman bita da su ware ɗan lokaci su koya wa maniyyata, musamman tsofaffi da masu shan magani, yadda za su juya agogo, su kuma gaya wa iyalai cewa a lissafa lokacin tarbar alhaji da agogon Najeriya.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina