Aminina, me zakin ya faɗa wa Edmund?

Aminina,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kai da maiɗakinka da yara duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san ni ke riƙe da bashin wasiƙa tun bara, ka yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani al'amari ne da ya faru a gidana makon jiya, wanda ya tayar mini da tsohuwar gardamarmu, har na wayi gari ina ta ba ka amsa a zuci alhali kana can nesa.

Ban manta da matsayinka ba. Kullum cewa kake yi jarumin littafin yara ya kamata ya zama abin koyi, domin yaro da kwaikwayo yake tashi, idan aka ajiye masa maƙaryaci a tsakiyar labari to ƙarya aka koya masa. A wancan lokaci ban sami abin da zan kare kaina da shi ba. Yanzu na samu, kuma ɗana ne ya ba ni.

Wata guda da ya wuce na tarar da tabarauna na karatu a karye. Babban yaron, wanda ya cika shekara goma a bana, ya ce ya ga ƙanwarsa tana wasa da shi. Ta musa tana kuka, ni kuwa na yarda da maganar babba na hukunta ta. Bayan haka da mako biyu na fara karanta musu littafin farko na labaran ƙasar almara ta Narniya na C. S. Lewis, labarin wasu yara huɗu 'yan gida ɗaya, babi ɗaya kowane dare. Da muka kai babi na biyar, inda Edmund ya riga ya shiga ƙasar ya taka ƙanƙararta da ƙafarsa, amma da aka zo gaban yayyensa sai ya ce ai wasa kawai suke yi shi da Lusi, ya bar ƙanwarsa ta fita da gudu tana kuka, sai yarona ya miƙe ya ce zai je ya sha ruwa. Bai dawo ba har na rufe littafin. Ban kawo komai a raina ba. Dararen da suka biyo baya yana zuwa ya zauna can gefe, ba ya cewa uffan, shi da ya saba katse ni da tambaya a kowane shafi. Kwana takwas bayan haka muka kai wurin da aka ceto Edmund daga hannun Farar Matsafiya, wadda ya ci amanar 'yan'uwansa ya koma wajenta, aka wayi gari 'yan'uwansa suka hango shi yana tafiya tare da Aslan, babban zakin labarin, su biyu kaɗai suna magana. A nan ne ya buɗe baki ya ce, "Baba, me zakin ya faɗa masa?" Na ce marubucin bai faɗa mana ba, ya dai ce magana ce da Edmund bai taɓa mantawa da ita ba. Washegari da sassafe ya same ni ya ce shi ne ya zauna a kan tabarau ɗin.

Ka ga, aminina, Pita, babban yayan Edmund, yana cikin littafin nan da jarumtarsa, Lusi tana ciki da gaskiyarta, amma ba ɗayansu da ya fito da yarona daga ramin da ya shiga. Wanda ya yi kama da shi ne ya fito da shi. Muna yawan ɗauka cewa yara ba su san nauyin laifi ba, alhali sun san shi sarai, kalmomin faɗarsa ne kawai ba su da su. Yaron da ya yi ƙarya aka hukunta wani a madadinsa yana kwana da abin yana tashi da shi, kuma tambayar da ke cin zuciyarsa ɗaya ce: idan aka gane, shin akwai sauran wurina a gidan nan? Jarumi marar aibi ba zai iya amsa wannan tambaya ba, domin bai taɓa tsayawa inda yaron yake tsaye ba.

Abin da ya ƙara burge ni da na sake duba littafin shi ne yadda Lewis ya sa laifin ya fara daga ƙaramin abu. Edmund bai tashi da niyyar cin amanar kowa ba. Haushin yayansa yake ji, yana son a ce shi ma wani ne, ga kwaɗayin alewar Turkiyya da matsafiyar ta ba shi. Littafin ya fito a 1950, lokacin da har yanzu da katin rabo ake sayen alewa a Birtaniya, dokar da aka kafa a 1942 saboda yaƙi ba a kuma ɗage ta gaba ɗaya ba sai 1953. Yaran da suka fara karanta shi sun san wannan kwaɗayi a bakinsu. Kuma marubucin ya shigar da mu cikin kan yaron, muna jin sa yana lallashin kansa cewa ai matsafiyar ba za ta cuci 'yan'uwansa sosai ba, alhali can ƙasan zuciyarsa ya san muguwa ce. Wane ne cikinmu bai taɓa yi wa kansa irin wannan lallashi ba? Ni kam na yi, kai ma shaida ne.

Hanyar da kake goyon baya an daɗe da gwada ta, kada ka ce ban gaya maka ba. A wajajen 1671 wani mai wa'azi a Ingila, James Janeway, ya wallafa labaran yara masu tsananin ibada waɗanda suka mutu da ƙuruciya, domin sauran yara su yi koyi da su. A 1818 Mary Sherwood ta rubuta labarin wani uba da ya kai 'ya'yansa su ga gawar mai kisankai a rataye saboda sun yi faɗa da juna. An karanta littattafan nan sosai a zamaninsu, amma da wuya ka sami yaron da ke neman su yau. Na farko yana nuna wa yaro tsayin da ba zai kai ba, na biyu yana nuna masa ramin da zai faɗa, ba wanda ya nuna masa hanyar komawa gida. Littafi Mai Tsarki kuwa cike yake da masu komawa. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku kafin zakara ya yi cara, ya fita ya yi kuka mai zafi, sannan a bakin teku aka tambaye shi sau uku ko yana ƙauna, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki. Ka tuna lokacin da muke koyar da makarantar Lahadi tare, labarin ɗan nan da ya lalatar da gadonsa ya dawo shi ne kaɗai yake sa ajin ya yi tsit, har da su mutanenka na bencin baya.

Akwai kuma Yustas, a wani littafin na Narniya, na tafiyar jirgin ruwa, da ya fito a 1952, wanda ba mu kai gare shi ba tukuna amma na ƙagu mu kai. Shi laifinsa ba cin amana ba ne, baƙin hali ne irin na yau da kullum: ƙorafi, raini, da ganin kowa ne mai laifi ban da shi, har yana rubuta littafin sirri yana wanke kansa a ciki. Ya kwanta a kan taskar wani dodon maciji mai fuka-fuki da zuciya cike da haɗama, ya farka ya ga shi ma ya zama dodo, munduwar zinariyar da ya saka tana cin naman hannunsa. A nan na ga amfanin labarin almara, domin abin da ke ɓoye a cikin hali ya fito fili ya zama fata da ƙaya da farata, yaro yana ganinsa da ido ba sai an yi masa wa'azi ba. Sau uku Yustas ya saɓule fatar da kansa, sau uku yana tarar da wata a ƙarƙashinta, sai da ya kwanta ya bar zakin ya yage ta da farcensa, da zafi mai tsanani, sannan ya jefa shi cikin ruwa ya fito yaro. Na sha jin bayanin alheri daga bakin masana, amma ban taɓa jin wanda ya kai wannan sauƙi ba. Lewis bai kuma yaudari yara ba, ya faɗa a fili cewa Yustas ya fara canzawa ne kawai, akwai ranakun da tsohon halin yake dawowa. Wanda Yustas ya fara ba wa labarin kuwa Edmund ne, shi kuma ya kwantar masa da hankali da cewa nasa laifin ya fi girma, domin shi maci amana ne. Ina ganin marubucin ya iya wannan ne saboda shi ma mai komowa ne: ya bar bangaskiya tun yana saurayi, bai dawo ga Almasihu ba sai 1931, yana da shekara talatin da biyu.

Af, ka san 'yar'uwar nan tamu mai jagorar waƙa, wadda ta taɓa cewa littattafan nan tsafi ne ba za su shiga gidanta ba? Na ji yanzu ita ce take karanta wa jikokinta su, kuma an ce ta yi hawaye a wurin teburin dutse, inda aka kashe Aslan. Na yi murna ƙwarai da jin haka.

Amma ban rubuto don in ce na yi nasara kawai ba, akwai abin da ke damuna, kuma shawararka nake nema. Duk hankalina ya tafi ga mai laifin, kamar yadda hankalin masu karatu yake tafiya, na kusa mantawa da wadda aka zalunta. A littafin Edmund ya ba wa kowa hannu ya ce a yafe masa, suka ce ba komai, zakin ma ya ce kada a tayar masa da abin da ya wuce. A gidana abin bai zo da wannan sauƙi ba. Yarinyar ta ce ta yafe wa wanta, amma kwana biyu ba ta zauna kusa da ni ba, kuma tana da gaskiya, domin ni ne na ƙi yarda da ita tana faɗin gaskiya. Sai da na durƙusa daidai tsayinta na roƙe ta gafara. Tun daga nan nake tunanin ko son da muke yi wa masu tuba a labari yana sa mu raina wahalar su Lusi, waɗanda suka riƙe gaskiya tun farko aka ƙaryata su. Wan ɗan nan da ya lalatar da gadonsa ya dawo, wanda ya tsaya a waje ya ƙi shiga biki, shi ma ɗa ne, kuma uban ya fito ya same shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Bayan yaƙin da aka yi da matsafiyar, Lusi ta tambayi yayarta Suzan ko Edmund ya san cewa Aslan ya mutu ne a madadinsa, Suzan ta ce kada a gaya masa, abin zai yi masa yawa, Lusi kuwa tana ganin ya kamata ya sani. Littafin bai raba gardamar ba. Jiya yarona ya tambaye ni wace ce mai gaskiya a cikinsu, na ce ya ba ni lokaci. Zuciyata tana wajen Lusi, domin wanda bai san abin da aka biya dominsa ba, zai iya ɗaukar gafara kamar abu marar tsada, amma ina tsoron in ɗora wa ɗan shekara goma kayan da ya fi ƙarfin wuyansa a daidai lokacin da ya sauke wani. Kai ka fi ni sanin yadda ake magana da yara a kan gicciye, don haka ka rubuto mini da wuri, kafin ya sake tambaya.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran duka, musamman takwarana. Idan ya kai shekarun saurare, ka gwada karanta masa littafin, ka lura da babin da zai yi shiru, ka sanar da ni.

Naka har kullum,
Amininka