Kalma ɗaya a takardar kotu ta tsayar mana da girbi

Assalamu alaikum Barista. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Na daɗe ina sauraron shirinka, ban taɓa zaton wata rana tawa matsalar za a karanta ba.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar mana gona a bayan gari, wadda tun muna yara muke nomawa. Bara Baffanmu ya tashi ya ce gonar ta kakanmu ce, ba a taɓa raba ta ba. Mai unguwa ya zaunar da mu, dagaci ma haka, abin bai daidaita ba. Ranar Talatar da ta wuce sai ga masinjan kotu da takarda shafi biyu, Turanci zalla, daga babbar kotu. Da kotun Musulunci ce da ko Inna ta ji abin da aka ce da kunnenta.

Turancina na sakandare ne, amma na lallaɓa na karanta har na ci karo da inda aka rubuta sunayenmu aka ce "are hereby restrained from entering". Wannan restrained ɗin ita ta raba kan gidanmu.

Ƙanena ya duba a waya, ya ce ma'anarta a riƙe mutum da ƙarfi a hana shi motsi, kamar yadda 'yan sanda suke danne wanda ya yi gardama kafin a sa masa ankwa. Wata maƙwabciyarmu mai aikin jinya ta ce su a asibiti suna faɗinta ne in majinyaci yana fizge-fizge, aka ɗaure hannunsa a jikin gado don kada ya tumɓuke ƙarin ruwa. Tsautsayi ya sa ta faɗi haka a tsakar gida, Inna tana tankaɗe. Ka san a wurinmu in aka haɗa kotu da ɗauri, gidan yari kawai ake gani. Ta ajiye rariyar ta shige ɗaki, daren nan ko tuwo ba ta taɓa ba. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa ta ga ko mu aka zo ɗauka.

Washegari na kai wa wani malamin Turanci da ya koyar da ni. Ya yi dariya ya ce duka sun faɗi gaskiya, amma kowa ya kama ɓangarensa ne. Ya ce ana faɗinta a kan kare in aka sa masa igiya, ana kuma faɗinta a kan mutumin da ya danne zuciyarsa bai rama zagi ba. In ta zo da from a bayanta kuwa, musamman a bakin alƙali, babu igiya babu ankwa, hani ne kawai daga aikata abin da ya biyo baya, wato a tamu takardar, shiga gonar. Ya ce in tuna da "tsare" tamu: Allah ya tsare daban, an tsare shi a caji ofis daban. Hankalina ya ɗan kwanta, sai dai ya ce shi malamin harshe ne, in nemi lauya.

To Barista, gero ya nuna. Zangarniya ta sunkuya, jan baki sun fara sauka da sassafe, ranar da aka sa mana a kotu kuwa saura mako uku. Irin namu ne, takin da bashi na saye shi, noman fari da maimai mu muka yi. Shin hanin ya haɗa da yanke abin da muka shuka kafin takardar ta zo? A ciki na ga an ambaci agents da servants namu, wato wakilanmu da masu yi mana aiki. In na tsaya a gida na tura 'yan ƙwadago, na shiga ko ban shiga ba? Malamin ya ce akwai wata takarda, fom 48, da ake kai wa mutum don gargaɗin cewa saɓa umarnin kotu yana iya kai shi kurkuku. Ba a kawo mana ita ba, amma ba na son maganar Inna ta zama gaskiya a kan dami talatin.

Abin da ya fi ci mini rai, ba a kira mu an ji ta bakinmu ba kafin a ba da umarnin. Haka doka ta yarda? Akwai hanyar da zan roƙi alƙali ya bari a yi girbin, ko da a gaban dagaci za a ƙirga dammunan a ajiye har a gama shari'a?

Don Allah in za ka amsa, ka fassara kalmar da Hausa tsantsa, a hankali. Zan kai wa Inna rediyon ɗakinta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka daga ƙasar Bichi, Jihar Kano